DOGUWAR TAFIYA A KAN BABUR: A KIYAYI GAJIYA

An shirya wannan jawabi domin makarantun yaƙi da jahilci na Gidimuni da ƙauyukanta. Malami ya karanta da ƙarfi, ɗalibai su bi shi sannu, sannan a yi mahawara.



Maganar yau ta babur ce, wanda wasu ke ce wa moto. A da, mutumin Gidimuni in zai tafi Damagaram sai ya hau jaki ko amalanke, ko ya zauna bakin hanya jiran mota. Daga shekarun 2000 babura masu araha na ƙasar Sin, irin su Kasea, suka shigo ƙauyuka. Yau mai lambu a bakin tafki yana ɗaura rakensa da kabejinsa, ya kai kasuwar Mirya ranar Lahadi, ko kasuwar Damagaram ranar Alhamis. A kan babur ake kai marar lafiya gidan likita. A kan babur ake zuwa biki da gaisuwar mutuwa.

Amma hanyoyin nan suna da tsawo. Daga Gidimuni zuwa Damagaram ya fi kilomita 60. Zuwa Gure kusan kilomita 100 ne. Mai zuwa Waca ko Dungas kuwa, rairayi zai sha. Mutum ya kan dawo da ciwon baya, idanu sun yi ja, hannuwa sun mutu. Sai ya ce ai tafiya ta gaji haka. To, ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da ya gaji ba ya ganin rami da wuri, ba ya taka birki da wuri. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin fiye da mita 30 cikin daƙiƙa 2. Gyangyaɗi ɗaya ya isa ya kai mutum cikin rami ko ƙarƙashin babbar mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a shekarar 2023 cewa fiye da mutum miliyan 1 ne ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya. Saboda haka jin daɗin jiki a kan babur ba son jiki ba ne. Shi ne ke maido da mai gida cikin iyalinsa.

Shiri tun da yamma

Tafiyar gobe yau ake shirya ta. Mai babur ya duba mai da baƙin mai. Ya duba birki, da fitila, da sarƙa. Ya kakkaɓe ƙurar da ta toshe matatar iska, domin hanyar ƙasa tana cika ta da sauri. Iskar taya ta zama daidai. Taya mai iska da yawa tana jijjiga mutum har ƙugu ya yi ciwo, marar iska kuma tana saurin fashewa. Ya riƙe buji sabo, da famfo, da kayan faci. Ya sa takardun babur da katin ɗan ƙasa cikin leda. Wanda zai wuce Gure ya nufi gabas, ya tambayi jandarmomi tukuna. A shekarar 2015 an hana yawo da babur a jihar Diffa saboda tsaro, don haka ya san dokar da ake bi a ranar tafiyarsa.

Bayan wannan, ya kwanta da wuri. Wanda ya kwana shan shayi a fada, barcin da ya ƙi yi a kan tabarma zai same shi a kan hanya.

Lokacin tashi

Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafin rana yana wuce ma'auni 40 a ƙasar Damagaram. A tashi bayan sallar asuba, da gari ya waye. In rana ta take, a nemi inuwa har la'asar. Injin babur iska ce ke sanyaya shi, shi ma yana son wannan hutu. Tafiyar dare kuwa a bar ta sai dole. Amalanke ba ta da fitila, jaki da saniya su ma haka.

Sutura

Rawani yana tare ƙura daga hanci da baki, amma ba ya tare dutse daga kai. Wannan aikin hular kwano ne, kuma sai an ɗaura igiyarta a haɓa. Hular da ba a ɗaure ba ita ce ke fara faɗuwa. A sa tabarau saboda ƙura da ƙwari. A sa takalmi rufaffe, domin silifa tana zamewa, ƙaya kuma tana jiran yatsu. Mai babbar riga ya naɗe ta ya zauna a kai, kada bakinta ya shiga sarƙa.

Da hunturu, a watan Disamba da Janairu, iskar asuba tana shiga ƙirji. A sa riga kan riga, da safar hannu. Hannun da sanyi ya kashe ba ya iya matsa birki. A shafa mai a leɓe da hannuwa kada su tsage.

Zama da kaya

In soson wurin zama ya mutu, a kai wa mai ɗinki ya sake shi. Buzun tunkiya ma yana taimako, in an ɗaure shi sosai ba ya zamewa. Kada a bar makulli ko waya a aljihun baya. Mai tuƙi ya miƙe bayansa, ya saki kafaɗunsa, ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannu. Kada ya damƙe kan babur kamar mai kokawa, domin wannan ke kashe hannu. In ya ga gargada, ya rage gudu, ya ɗan ɗaga jikinsa a kan matakai, ƙafafu su ɗauki jijjigar maimakon baya.

Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, a raba su daidai dama da hagu. Kada a goya buhu a baya, a ɗaura shi a jikin babur. Damin rake da aka gicciye yana kama iska, yana kama motar da ke wucewa. Wanda ya tura kaya har ya koma zaune a kan tanki, ya riga ya gaji tun bai bar gari ba. Sawu 2 lafiya ya fi sawu 1 da karaya.

Ruwa da hutu

Iskar tafiya tana busar da zufa, mutum bai san ruwan jikinsa yana ƙarewa ba. A riƙe jarka mai lita 2 ko fiye, a naɗe ta da tsumma mai laima don ruwan ya yi sanyi. A sha a kowane zango, ko ba a ji ƙishirwa ba. Jiki magayi ne: ciwon kai, jiri, da fitsari kaɗan mai duhu alamu ne na ƙarancin ruwa. Wanda ya ga haka ya tsaya a inuwa. A zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa. In bai ji sauƙi ba, a kai shi gidan likita mafi kusa.

A ci abinci kaɗan kafin tashi. Cikar ciki da tuwo ko fura tana kawo barci. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu sun isa guzuri. Bayan kowace awa a sauka, a taka ƙasa, a miƙe baya, a wanke fuska. Mai zuwa Damagaram ya sauka a Mirya, mai zuwa Gure ya sauka a Gidigir.

Cikin rairayi

A rage gudu tun kafin a shiga. A sa ƙaramin giya, a riƙe wuta daidai, a dubi nesa. Kada a damƙe birkin gaba, shi ke kayar da mutum. Inda rairayi ya yi zurfi, wanda aka goya ya sauka ya taka. Babu kunya a ciki.

Ƙwaya ba ta kashe gajiya

Wasu samari suna shan tiramol don su jure tafiya. Tiramol maganin ciwo ne da likita kaɗai ke bayarwa. Ba ya cire gajiya, ɓoye ta ya ke yi. Yana kawo jiri da barci, wanda ya sha da yawa kuma yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Maganin gajiya barci ne. Fasinja in ya ga ɗan kabu-kabu ya sha ƙwaya, ya nemi wani.

Wanda aka goya

Shi ma mutum ne, shi ma yana gajiya. Mace ta tattara zanenta da mayafinta, kada taya ta ja su. A nuna wa yaro salansa, domin tana ƙona ƙafa. Marar lafiya ko mai juna biyu, a tafi da su sannu, a riƙa tsayawa ana tambayarsu. In marar lafiya ba ya iya riƙe kansa, a nemi mota.

Jama'a, Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Kowa ya kai wannan magana ga ɗansa da ƙanensa da maƙwabcinsa mai babur. Allah ya kiyaye hanya.

Tambayoyi domin mahawara

1. Waɗanne alamu ne ke nuna ruwan jiki ya ragu?
2. Mene ne bambancin aikin rawani da na hular kwano?
3. A hanyar da mutanen garinku suka fi bi, ina ne ya dace a sauka a huta?