Hubusin Littattafai: Jawabi Ga Kwamitocin Masallatan Gwarzo da Kabo a Taron Masanawa



Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, wuraren adana ilimi suka shiga matsi. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970, duk da kasafin hukuma suke rayuwa. Shi kuwa kasafi, in ya tsuke, albashi ake fara biya. Abin da ake yankewa shi ne kuɗin wutar lantarki, da maganin gara, da gyaran rufi, da sayen sababbin littattafai. Ma'aikaci yana bakin aiki, takarda tana ruɓewa a gabansa.

Wannan a birni ke nan. Mu a nan, kundayen malamanmu ba su taɓa shiga kasafin kowa ba. Suna cikin gafaka da adaka a zaurukan magada: Alƙur'anai rubutun hannu, littattafan fiƙihu masu sharhin ajami a gefe, har da takardun rabon gado da na iyakokin gonaki, waɗanda in damina ta cinye su sai 'yan'uwa su ƙare a gaban alƙali.

Wasu sun tambaye mu ko za a ɗebi zakka a yi wannan aiki. Ba za a ɗeba ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas, kuma malaman Malikiyya ba su halatta gina ko da masallaci da ita ba, balle ɗakin karatu. Ƙofar da ke buɗe ita ce hubusi, kuma tsohuwar ƙofa ce: Ibn Khaldun da kansa ya yi wakafin kwafin littafinsa na tarihi ga ɗakin karatun Ƙarawiyyin da ke Fas a ƙarshen ƙarni na 14.

Roƙonmu ga kowane kwamiti shi ne ya zagaya gidajen malaman unguwarsa, da izinin magada, ya rubuta abin da ke akwai kafin saukar ruwa. Littafi zai ci gaba da zama mallakar gidansu. Mai hali kuma ya tsayar da shago ko gona, kuɗin hayar ya riƙa sayen akwatunan ƙarfe, yana biyan mai kula da su da mai ɗaukar hoton shafukan.