Sarkin Ƙofar Magani: Haƙƙin Mai Haɗa Magunguna a Kanmu

 



Abin da za mu yi magana a kai ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe alli a garin nan. Mun san ɗalibin da yake gyangyaɗi tun darasin farko, harshensa ya yi nauyi, idanunsa sun kaɗa. Mun san wanda a bara yake cikin na gaba a aji, bana ko littafi ba ya ɗauka. An saba ɗora laifin a kan wiwi da sholisho, alhali kuwa kaso mai tsoka na abin da yake cin 'ya'yanmu magani ne da aka yi domin warkarwa, aka kuma saye shi da rana tsaka a kan kanta.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha kayan maye a cikin shekara guda. Daga cikinsu, kimanin miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tiramadol suka sha ba da umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari ne. A cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kaɗai tana da kimanin mutum miliyan 3. Waɗannan ba baƙi ba ne daga wata uwa duniya. 'Ya'yan maƙwabta ne, wasu kuma sunayensu suna cikin rajistarmu.

Kowa ya tuna yadda a watan Mayun 2018, bayan shirin binciken da BBC ta nuna, gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai sinadarin kodin da shigo da shi. Matakin ya yi amfani, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Tiramol yana nan, kuma ko da yake NAFDAC mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kaɗai ta amince da shi, ana fasa-ƙwaurin mai 200 da 225, wanda kan jefa mai shansa cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko ya danne masa numfashi. Akwai diyazafam da roci, magungunan barci da kwantar da hankali. Akwai ezol, wanda asalinsa na masu cutar karkarwar jiki ne. Akwai kuma ƙwayoyin ƙiba da wasu 'yan mata suke sha gabanin biki, waɗanda daga cikinsu akwai mai kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Hatta farasitamol, da babu gidan da ba a ajiye shi, idan aka wuce ƙa'ida yana lalata hanta.

To, a nan ne muke son mu bambance abu biyu da bakinmu ya haɗa su da suna ɗaya. Duk inda ake sayar da magani mukan ce masa kemis, amma doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Mai haɗa magunguna mutum ne da ya yi aƙalla shekara 5 a jami'a, kamar tsangayar da take Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙara shekara guda ta horon aiki, ya kuma yi rajista da hukumar PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Shi ne aka yarda ya ba da maganin da sai da takardar likita. Mai ƙaramin kemis kuwa, lasisinsa ya tsaya ne a kan jerin magungunan yau da kullum. Yana da amfani ƙwarai, musamman a ƙauyukan da babu asibiti, amma tiramol da diyazafam ba su cikin hurumin kantinsa.

Katsinawa sun san aikin sarkin ƙofa. A zamanin ganuwa, babu kayan da za su shiga ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga ba tare da idonsa ya gani ba. Matsayin mai haɗa magunguna ke nan a unguwa. Shi zai duba takardar likita, ya gane ta gaske da ta jabu, ya gane wadda aka riga aka yi amfani da ita. Shi yake rubuta magunguna masu haɗari a littafi na musamman, abin da ya shigo da abin da ya fita. Shi yake lura da saurayin da ya dawo sau uku a mako yana neman maganin tari ba ya kuwa tari. Mafi girman aikinsa shi ne magana: ya ja yaron gefe cikin sirri, ya faɗa masa abin da ƙwayar take yi wa jikinsa, ya nuna masa hanyar likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko wurin masu ba da shawara na NDLEA. Ya kuma gargaɗi iyaye cewa wanda ya daɗe yana shan irin su diyazafam ba a yanke masa rana ɗaya, sai a hankali a hannun likita, domin yankewar gaggawa tana iya zama ajali.

Sai dai mu faɗi gaskiya, wannan aiki yana da tsada a wurinsa. Duk sa'ad da ya ce a'a, ciniki ya rasa, mai saye kuma zai taka zuwa shagon gaba. Wani lokaci har zagi yake sha, a ce yana da girman kai. Mu malamai mun fi kowa sanin ɗacin wannan, domin irin abin da muke gamuwa da shi ke nan ranar da muka hana satar amsa a ɗakin jarrabawa. Idan masu gaskiya ba su sami ciniki ba, kantunansu za su rufe, a bar mu da waɗanda ba sa tambaya.

Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya da abubuwa huɗu. Na farko, mu kai kuɗinmu inda lasisi yake rataye a bango, inda ake tambayarmu takarda, mu ɗauki tambayar a matsayin mutuntawa. Na biyu, a daina aiken yara sayen magani da baki ko da guntun kwali, domin yaron da ya koyi sunan ƙwaya da farashinta a aiken gida ba ya buƙatar wani ya koya masa. Na uku, ragowar maganin mara lafiya a kulle shi, kada a ba maƙwabci don ciwonsu ya yi kama. Na huɗu, kowace makaranta ta nemi mai haɗa magungunan da yake kusa da ita, ta gayyace shi taron iyaye da malamai, ya zo da kwalayen ya nuna wa iyaye abin da za su gane idan sun gan shi a aljihun ɗansu. Muna roƙon shugabannin reshe su tuntuɓi ƙungiyar masu haɗa magunguna ta jiha domin a tsara wannan zango bayan zango. Inda kuma muka ga shagon da yake sayar wa ɗalibai ƙwaya, mu sanar da PCN ko NDLEA ta hannun ƙungiya, domin kada malami ɗaya ya zama abin hari.

Ɗalibin da ya faɗa wannan rami kuma, kora ba ta warkar da shi, sai dai ta miƙa shi ga dillali. Mara lafiya ne, a nema masa magani, a rufa masa asiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a cikin aikinmu.