"KU KAI SHI GIDA": JINYA BA TA ƘAREWA INDA MAGANI YA ƘARE

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon ma'aikacin jinya, haifaffen Arewa, ya gabatar a Dogondutsi gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗa.

Ina neman afuwarku tun kafin in fara, domin maganar da na zo da ita ba irin wadda ake so a ji a bainar jama'a ba ce. Magana ce a kan kwanakin ƙarshe na ɗan Adam, da abin da ya rataya a wuyan ma'aikacin jinya a cikin waɗannan kwanaki.

Akwai wata kalma da kusan kowa a nan ya taɓa ji da kunnensa, ko a Doso, ko a Yamai, ko a Galmi, ko a ƙetaren iyaka a Sakkwato. Likita zai ja babban gida gefe, ya sassauta murya, ya ce: "Ku kai shi gida." Kowa ya san fassararta. Sai a yi shatar mota, a shimfiɗa katifa a baya, a kamo hanyar kwalta ta sama da kilomita 270 daga Yamai, a wuce Doso, a wuce Kore Mairuwa, wani a ratse da shi Tibiri ko Dumega, wani a zarce da shi Matankari ko Dankasari. Daga ranar nan sunansa ya fita daga littafin asibiti. To, amma ciwon bai fita daga jikinsa ba. Yana iya yin mako uku, yana iya yin wata huɗu, kuma tambayata a yau ita ce: wa ke da alhakin waɗannan kwanaki?

Bari in ba ku labarin abin da ya sa nake wannan tambaya. Ina sabon ma'aikaci a wani ɗakin shan magani na karkara aka dawo da wani dattijo, dillalin shanu, wanda ciwon daji ya cinye wa hanta. Kafin a dawo da shi ƴaƴansa sun sayar da shanun noma biyu, sun jinginar da gona, suna bin asibiti bayan asibiti. Cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya, in dare ya raba maƙwabta na jin nishinsa. Abin da ke cikin akwatina bai wuce asfirin da farasitamol ba. Na je sau biyu, na ga ba su yi masa komai ba, sai na koma ina sauya hanya don kada in bi ta ƙofar gidan. Ran da na daure na shiga, ya kama hannuna ya ce: "Yaro, kai ne ka yi karatun abin nan. Tashi zan yi ko tafiya?" Na ce: "Baba, za ka samu sauƙi da yardar Allah." Ya dube ni, ya saki hannuna. Bayan kwana tara ya rasu. Ashe akwai ajiyar mutane a hannunsa, akwai kuma waɗanda yake bi bashi, kuma babu wanda ya san lissafin sai shi. Rigimar da ta biyo baya ta raba gidan biyu. Na kasa rage masa zafi, na kuma hana shi gaskiyar da ya roƙa, kuma har yau abin bai bar ni ba.

Daga baya na gane cewa abin da na rasa a ranar fanni ne mai zaman kansa a aikin jinya, wanda da Faransanci ake ce wa soins palliatifs, ni kuwa zan kira shi jinyar sassauci. Wadda ta kafa tubalinsa a zamanin nan wata Baturiyar Ingila ce, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan domin waɗanda magani ya gaza warkarwa. Ta koyar da cewa ciwon mai jiran ajali ba na jiki kaɗai ba ne: akwai zafin jiki, akwai tsoro da ɓacin rai, akwai damuwar iyali da dukiya, akwai kuma abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. Dattijon da na ba ku labari yana ɗauke da duka huɗun, ni kuwa ban taɓa masa ko ɗaya ba.

Mu fara da zafin jiki, domin wanda ke murƙususu ba ya iya wasiyya, ba ya iya salla cikin natsuwa. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku na maganin zafin ciwon daji. Hawa na farko su farasitamol ne, na biyu su kodin, na uku kuwa morfin. Ƙa'idar ita ce a ba da shi ta baki, a kuma ba da shi bisa agogo, galibi kowane awa huɗu, kafin zafin ya dawo. Ba a jiran sai marar lafiya ya yi kururuwa. Morfin tsohon magani ne, ba shi da tsada, kuma yana cikin jerin magungunan da Hukumar ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Duk da haka, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke bukatar jinyar sassauci kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu.

Ku ƴan kasuwa za ku fi kowa gane yadda wannan ƙarancin ke faruwa. A ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, kowace ƙasa tana aika wa hukumar da ke Vienna ƙiyasin morfin da za ta bukata a shekara, kuma ba ta shigo da abin da ya wuce ƙiyasin. In likitoci ba su rubutawa, ƙiyasi zai fito kaɗan. In ƙiyasi ya fito kaɗan, magani ba zai iso kanti ba. In babu shi a kanti, likita ba zai rubuta abin da babu ba. Kasuwa ce da ba a kai mata kaya saboda an ce ba masu saye, alhali masu sayen suna kwance a ɗaka ba su da bakin magana.

Na san abin da ke ran wasunku. Mun ga yadda taramol ya lalata samari a tashoshi da gonaki, kuma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron yana da dalili. Sai dai taramol ɗin da ya yi mana ɓarna ta hannun ƴan fasa-ƙwauri da masu talla a faranti ya shigo, bai fito daga akwatin asibiti mai makulli da littafin lissafi ba. Abin takaici ne a ce yaro mai lafiya na samun ƙwaya a bakin tasha da ƴan daloli, uwarsa mai sankarar mama kuwa ta kwana tana cizon zane. Morfin da aka auna daidai da zafin ciwo, a hannun wanda aka horar, ba ya gaggauta ajali, kuma kamuwa da jarabarsa ba kasafai take faruwa ga irin waɗannan marasa lafiya ba. Abin da yake jawowa kusan kullum shi ne taurin bayan gida, shi ya sa ake haɗa shi da mai sassauta ciki.

Kada kuma a ce wannan sai ƙasashen Turawa. A 1993 wata likita, Anne Merriman, ta kafa Hospice Africa a Kampala ta Yuganda, inda suka riƙa dama garin morfin da ruwa suna zubawa a kwalba, marar lafiya ya sha a gida. A 2004 gwamnatin Yuganda ta gyara dokarta, ta bai wa ma'aikatan jinya da aka yi wa horo na musamman izinin rubuta morfin, domin ta lura cewa likitoci na birni, masu ciwo kuwa na ƙauye. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa jinyar sassauci wani ɓangare ne na kiwon lafiya da ya wajaba kowace ƙasa ta shigar cikin tsarinta.

A nan gida, tarihin asibitinmu tarihin kuɗi ne. Bayan shirin Bamako na 1987 aka koma ga tsarin marar lafiya ya biya wani abu, sannan karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta sa farashin maganin waje ya yi tashin gwauron zabi. A 2006 aka yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki, a 2021 kuma aka fara gashin ciwon daji da na'ura a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Duka wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma mafi yawan masu ciwon daji a ƙasashenmu sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke isa asibiti, kuma ba su kaɗai ba ne: akwai mai shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon zuciya, da tsohon da ƙarfi ya ƙare masa. Dukansu gida ake maido su, kuma wanda ya fi kusa da su shi ne majo na ɗakin shan magani da ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye.

Me wannan ma'aikaci zai iya yi ko da hannunsa babu morfin? Da yawa. Zai koya wa matan gida, waɗanda su ne ainihin masu jinya, su riƙa juya marar lafiya kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu da dugadugai. Zai nuna musu yadda ake goge baki da tsumma mai tsabta, a jiƙa leɓɓa, a shafa musu man kaɗe. Gyambon da ke wari har ƴan dubiya suna toshe hanci, in an wanke shi da ruwan gishiri aka barbaɗa garin flajil, warin na raguwa, mutum ya daina jin kunyar jikinsa. Zai gaya musu cewa in ajali ya matso jiki kan ƙi abinci da kansa, don haka a daina ɗura fura da ƙarfi, domin tana iya sarƙe shi ta faɗa huhu. Cokali ɗaya da ya nema ya fi kwano da aka tilasta masa. Zai kuma shaida musu tun da wuri alamun ƙarshe, yawan barci, sanyin ƙafafu, sauyawar numfashi da ƙarar maƙogwaro, don kada su firgita su sake ɗora shi a mota ya cika a hanya.

Sai maganar gaskiya, wadda ta fi duka wuya. Al'adarmu ce mu ɓoye wa marar lafiya, kuma tausayi ne ke sa mu. Ba na cewa a faɗa wa mutum ranar mutuwarsa, wannan sanin na Allah ne, ba na kuma cewa a jefa masa magana kamar dutse. Ana farawa da tambayarsa abin da ya fahimta da abin da yake so ya sani. Wanda bai so ba, a ƙyale shi. Amma wanda ya tambaya, yana da haƙƙin ya ji cewa likitoci sun kai iyakar saninsu, domin ya biya bashi, ya mai da ajiya, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa, ya kira ɗansa da ke ci-rani a Legas ko Abijan. Arewa kuma ƙasa ce da ke da Musulmi, da Kirista, da masu riƙe da al'adar kakanni. Aikin ma'aikacin jinya shi ne ya buɗe ƙofa ga wanda marar lafiya ya nema a kusa da shi.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga hukumomin lafiya: a shigar da jinyar sassauci sosai cikin karatun makarantun horar da ma'aikatan lafiya na Yamai da Damagaram, a tabbatar morfin na sha ya sauko har asibitin gunduma a Dogondutsi da Tibiri ƙarƙashin makulli da lissafi, a kuma sa kowane marar lafiya da aka sallama ya taho da takarda zuwa ga majo mafi kusa da gidansa. Ga abokan aikina ma'aikatan gwamnati: ku ne ake kira in ciwo ya tsananta a dangi, ku ke karanta takardar magani, don haka ku tambayi likita kai tsaye ko tafiyar da za a yi za ta warkar, kafin a sayar da gona. Ga ƴan kasuwa: kun saba da adashi, kun saba da gudummawar biki da ta makoki. Kuɗin man babur da zai kai ma'aikacin jinya gidan marar lafiya sau ɗaya a mako bai kai abin da muke kashewa a sadakar uku ba, kuma shi mai shi zai ga amfaninsa da idonsa.

Jama'a, mu mutane ne masu girmama gawa. Da an ce wane ya rasu, kasuwa kan tsaya, a bar ofis, a yi tururuwa zuwa maƙabarta. Ina roƙon mu ɗan matso da wannan karamci baya da mako uku, lokacin da mutumin yake ji, yake gani, yake iya cewa na gode. Ni dai da za a maido ni ɗakin dattijon nan, zama zan yi a bakin tabarmarsa in amsa masa tambayarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya sa mu cika da kyau da imani.