Batirin Mutum-mutumin Ɗalibai: Amana a Hannunmu

'Yan uwa malamai na Gwandu da Kalgo.

Batirin litiyam da ke motsa mutum-mutumin ɗalibanmu ba ya jure zafi, ga shi bazararmu takan haura digiri 40. Kada mu bar shi cikin mota ko a rana. Kowace ƙwayar batirin, kada cajinta ya wuce bolt 4.2, kada ya gaza 3.0. In za a tafi hutu, mu ajiye shi a kan 3.8, a inuwa, nesa da takardu. Kada a yi caji sai malami yana tsaye, da bokitin yashi kusa. Wanda ya kumbura kuwa, mu janye shi, domin in yaro ya huda shi, wuta yake kamawa. Yaran nan amana ce iyayensu suka damƙa mana.