Tankaɗe da Rairaya: Shirin Neman Aiki a Manyan Kamfanoni



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani al'amari da yake ci wa matasan birnin Kano tuwo a ƙwarya, watau doguwar hanyar da manyan kamfanoni da bankuna suke bi da mai neman aiki kafin su ɗauke shi. Yaro ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, iyaye sun zuba ido, sai ga shi ana ta kiransa sau huɗu ko biyar cikin 'yan watanni. Da yawa sukan faɗi a tsakiya, alhali ilminsu bai gaza ba. Abin da ya kayar da su shi ne rashin sanin abin da kowane mataki yake nema.

To, wannan tsari ba baƙo ba ne a cikin ganuwar Kano. A Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), attajiri ba ya damƙa wa yaro dukiya rana ɗaya. Da fari sai ya binciki asalinsa da wanda ya tsaya masa. Sa'an nan ya aike shi da 'yan kuɗi kaɗan, ya ga ko canji zai dawo daidai. Daga nan sai tsaron rumfa, sai rakiyar ayari zuwa Gwanja sayen goro, inda wahalar hanya take fito da halin mutum. Sai bayan shekaru ake yanka masa jari. Har Turawa ma da wannan ma'auni suka yi aiki. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni suka riƙa ba da kuɗi tun kafin kaya su zo hannu, saboda haka dole su nemi amintattu. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya riga ya yi suna a fataucin goro kafin ya soma sayen gyaɗa wa Kamfanin Neja wajen 1918.

Abin da attajiri yake ganowa cikin shekaru, shi kamfanin yau yake son ganowa cikin makonni. Takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake turawa ta intanet, ita ce binciken asali. Tilas sunaye da shekarun da ke cikinta su dace da na takardun shaida, domin saɓani ɗaya ya isa a ajiye ta. Jarrabawar kwamfuta ta lissafi da Turanci ita ce aiken farko, kuma agogo ne babban abokin gaba a cikinta, don haka sai a yi ta gwaji da agogo a gaba. Zaman da ake haɗa masu nema a ba su matsala guda su warware tare, shi ne tafiyar ayari: ana duban wanda yake sauraro, da wanda yake danne 'yan'uwansa. Ganawa da manyan kamfani, wadda 'yan boko suke kira intabiyu, ita ce ranar yanka jari. Wanda ya je bai san abin da kamfanin yake sayarwa ba, da su wa yake gasa da su, ya yi zuwan kare ga aboki.

Sai dai akwai wani ƙulli da ya shafi tarbiyya. An reni ɗan birni a kan kunya da kawaici: ba ya haɗa ido da babba, ba ya dogon zance a gabansa, kuma an koya masa cewa yabon kai jahilci ne. Masu ganawa kuwa sukan fassara sunkuyar da kai da gajeriyar amsa a matsayin rashin ƙwarewa. Maganin wannan yana cikin al'adar kanta. Yaron da ya dawo daga fatauci yakan zauna gaban ubangidansa ya ba da lissafi dalla-dalla: ga abin da aka ba shi, ga abin da ya tarar, ga dabarar da ya yi, ga riba ko faɗuwa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan fariya. Saboda haka mai neman aiki ya tanadi labarai uku ko huɗu na ayyukan da ya yi da hannunsa, ko a makaranta, ko a wurin hidimar ƙasa, ko a shagon gidansu, ya maimaita su da baki har su zauna. Ya haɗa da guda wanda ya yi kuskure a cikinsa ya gyara, domin lalle za a tambaya.

A ƙarshe, ya riƙe magana ɗaya tun daga matakin farko har na ƙarshe, gama masu ganawa suna rubutawa, suna kuma gwama bayanansu. Gaskiya ce kaɗai ba ta bukatar a tuna yadda aka faɗe ta jiya.

Allah ya sa a dace.