Suka ko Ɓatanci: Darasin Zaɓen Ma'aji a Gundumar Orange ta Amurka



Wannan jawabi ya shafi wani al'amari da kan taso duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato a ƙasar Amurka, watau tallan yaƙin neman zaɓe wanda ɗan takara kan yi domin ya kushe abokin hamayyarsa, musamman a kan yadda ake kashe kuɗin jama'a. Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk irin wannan talla ɓatanci ne kurum, bai cancanci a saurare shi ba. Abin da ya auku a gundumar Orange ta jihar Kalifoniya cikin shekarar 1994 ya nuna cewa wannan zato yana da hatsari ƙwarai, domin a cikin suka akwai wadda ƙazafi ce, akwai kuma wadda gargaɗi ce. Aikin mai jefa ƙuri'a shi ne ya rarrabe tsakaninsu.

Mece ce Gunduma a Amurka?

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san yadda mulkin gunduma yake. An rarraba jihohin Amurka zuwa gundumomi fiye da 3,000, kuma gunduma ita ce ta fi kusa da abin da ake kira ƙaramar hukuma a Nijeriya. A yawancin jihohi ita ke kula da gidajen yari na yanki, da ofishin shugaban 'yan sandan gunduma, da hanyoyin karkara, da wani sashe na kiwon lafiya da taimakon marasa ƙarfi. Kuɗinta kan fito daga harajin gidaje da filaye, da harajin saye da sayarwa, da kason da gwamnatin jiha da ta tarayya ke bayarwa. A Kalifoniya majalisa ce mai wakilai biyar ke riƙe da kusan kowace gunduma. Ban da waɗannan wakilai, jama'a kan zaɓi wasu manyan ma'aikata da ƙuri'a, har da ma'aji, watau mai riƙon baitulmali.

Irin wannan zaɓe ba ya jan hankalin jama'a kamar zaɓen shugaban ƙasa. Masu fitowa jefa ƙuri'a kaɗan ne, kuma da yawansu ba su san 'yan takarar ba sai ta takardun talla da ake aikawa gidaje ta gidan waya, ko ta rediyo da talabijin, ko kuma ta intanet a wannan zamani. Saboda haka talla guda ɗaya mai zafi yana iya juya sakamakon zaɓe.

Abin da Ya Sa Ba a Hana Wannan Talla Ba

Tsarin mulkin Amurka ya ba 'yancin faɗin albarkacin baki kariya mai ƙarfi. A shekarar 1964 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da aka yi tsakanin jaridar New York Times da wani jami'in birnin Montgomery mai suna Sullivan, wanda ya kai ƙara a kan wani talla da jaridar ta buga. Kotun ta ce mai riƙe da muƙamin hukuma ba zai ci shari'ar ɓata suna ba sai ya tabbatar da cewa wanda ya yi maganar ya san ƙarya ce, ko kuwa bai damu da ko gaskiya ce ko ƙarya ba. Tun daga nan sai ya zamana kotu ba ta cika raba gardamar 'yan takara ba. Alƙalin da ya rage shi ne mai jefa ƙuri'a.

Masana kansu ba su yi ittifaƙi a kan amfanin wannan talla ko illarsa ba. A shekarar 1995 wasu malamai biyu, Stephen Ansolabehere da Shanto Iyengar, suka wallafa littafi inda suka nuna cewa tallan kushe yana kashe wa jama'a gwiwa, har wasu su ƙi fitowa zaɓe. A shekarar 2006 kuwa wani malami, John Geer, ya kawo hujjar cewa tallan suka ya fi tallan yabon kai ƙunsar bayani da shaida, domin mai zargi dole ya nuna dalili, mai yabon kansa kuwa ba wanda ke tambayarsa.

Ma'ajin da Kowa ke Yabo

Gundumar Orange tana kudu da birnin Los Angeles, kuma tana cikin gundumomi mafiya arziki a Amurka. A shekarar 1978 jama'ar Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da wata doka wadda ta ƙayyade harajin gidaje da filaye a kan kashi 1 cikin 100 na ƙimarsu. Wannan ya rage kuɗin shiga na ƙananan hukumomi ƙwarai, alhali kuwa bukatun jama'a ba su ragu ba. Sai hukumomi suka shiga neman wata hanyar samun kuɗi wadda ba ta ƙarin haraji ba.

A gundumar Orange, wanda ya samar da wannan hanya shi ne ma'aji Robert Citron, wanda ya shafe fiye da shekara 20 a kan muƙaminsa. A hannunsa akwai wani asusun haɗin gwiwa wanda gundumar da hukumomi kusan 200 suke ajiya a ciki, watau birane, da hukumomin makarantu, da hukumomin ruwan sha. Ajiyar ta kai wajen dala miliyan 7,500. Shekara da shekaru yana samo musu ribar da ta zarce ta sauran asusu irin nasa, majalisar gunduma kuwa ta riƙa sa wannan riba cikin kasafin kuɗinta tana gudanar da ayyuka ba tare da ta ɗora wa kowa haraji ba.

Yadda yake samun ribar shi ne, yakan sayi takardun lamuni da kuɗin ajiyar, sa'an nan ya jinginar da takardun ya karɓi bashi na gajeren lokaci mai ƙaramin ruwa, ya sake sayen wasu takardun masu dogon wa'adi da ruwa mai yawa. Da haka dukiyar da ke hannunsa ta kai wajen dala miliyan 20,000, kusan kashi biyu cikin uku bashi ne. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da aka ba ajiya, ya jinginar da ita ya ci bashi, ya sayi hatsi ya tara yana jiran tsada. Muddin farashi na tafiya yadda ya zata, kowa zai yaba da wayonsa. Ranar da kasuwa ta juya, ba bashin kaɗai zai gagare shi biya ba, har ajiyar mutane sai ta taɓu. Dabarar Citron ta dogara ne a kan abu guda: kada kuɗin ruwa ya tashi.

Zaɓen Watan Yuni na 1994

A watan Fabrairu na 1994 Babban Bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa. Kafin ƙarshen shekarar ya ɗaga shi sau shida, daga kashi 3 cikin 100 zuwa kashi 5 da rabi. Kowane ƙari yana tsananta wa asusun ta fuska biyu: bashin da aka ci yana ƙara tsada, takardun da aka saya kuma darajarsu tana faɗuwa.

A daidai wannan lokaci ne wa'adin Citron ya cika, wani akanta mai suna John Moorlach ya fito takara da shi. Yaƙin neman zaɓen Moorlach kusan dukansa suka ce. Ya riƙa faɗa wa jama'a cewa ma'aji yana caca da kuɗinsu, cewa bashin ya yi yawa, kuma in kuɗin ruwa ya ci gaba da hawa za a tafka asara babba.

Ba a karɓi maganarsa ba, kuma dalilan da suka sa haka su ne zuciyar wannan darasi. Na farko, mai sukar ɗan takara ne mai neman kujerar, saboda haka aka ce son muƙami ne ke magana. Na biyu, Citron ɗan jam'iyyar Dimokurat ne a gundumar da 'yan Rifablikan suka fi rinjaye, Moorlach kuwa ɗan Rifablikan ne, sai aka fassara sukar da adawar jam'iyya, ko da yake a bisa doka muƙamin ba na jam'iyya ba ne. Na uku, hukumomin da ke cin ribar asusun ba su da sha'awar jin cewa rijiyar da suke sha tana gab da ƙafewa. Na huɗu, lissafin yana da wuyar ganewa ga talaka, alhali ribar shekarun baya kowa ya gan ta da idonsa. Har ma aka zargi Moorlach da cewa maganganunsa na iya zubar da mutuncin gundumar a idon masu ba da bashi. Da aka ƙidaya ƙuri'u, Citron ya lashe zaɓen da wajen kashi 60 cikin 100.

Ranar Wanka

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata shida bayan zaɓen, masu bin asusun bashi suka fara sayar da takardun da aka jinginar musu. Citron ya yi murabus a farkon watan Disamba, kuma ran 6 ga Disamba, 1994, gundumar Orange ta shigar da takardar fatara a kotu. Asarar ta haura dala miliyan 1,600. A lokacin ba a taɓa ganin ƙaramar hukumar da ta karye da kuɗi masu yawa haka ba a tarihin Amurka.

Sakamakon ya faɗa a kan talakawa. An zaftare kasafin kuɗi, an sallami ma'aikata, an rage ayyukan taimakon jama'a. A watan Maris na 1995 majalisar gunduma ta naɗa Moorlach ma'aji, watau mutumin da aka ƙi a akwatin zaɓe. A watan Yuni na wannan shekara aka nemi jama'a su amince da ƙarin rabin kashi 1 cikin 100 a harajin saye da sayarwa domin a cike giɓin, suka ƙi, don sun daina yarda da shugabanninsu. Citron ya amsa laifuffuka shida a gaban kotu, ciki har da ba masu zuba jari bayanin ƙarya da karkatar da ribar wasu hukumomi zuwa asusun gunduma, aka yanke masa ɗaurin shekara guda da tarar dala 100,000. Gundumar ta fita daga halin fatara a 1996 ta hanyar cin sabon bashi. A 1998 kamfanin Merrill Lynch, wanda ya sayar wa asusun takardu masu yawa, ya yarda ya biya dala miliyan 400 domin a kashe ƙarar da aka kai shi, ba tare da ya amsa laifi ba. Sai a shekarar 2017 aka gama biyan bashin farfaɗowa, watau shekara 23 bayan zaɓen.

Yadda Ake Auna Tallan Suka

Kada a fahimci wannan labari da cewa duk mai suka yana da gaskiya. Akasarin tallan da ake yi a kan kuɗin gunduma yana ƙunshe da dabaru sanannu. Alal misali, akan ce kasafin kuɗi ya ninka a hannun wane, ba tare da an ambaci hauhawar farashi ko ƙaruwar jama'a ba. Akan ɗauko abu guda mai ban haushi daga cikin kasafi mai ɗaruruwan shafuka, a ce wakili ya zaɓe shi, alhali kasafin gaba ɗaya ya kaɗa wa ƙuri'a. Akan haɗa kuɗin gina gada, wanda za a biya cikin shekaru da dama, da kuɗin gudanarwa na shekara guda. Akan kuma ɗora wa gunduma laifin kashe kuɗin da dokar jiha ce ta tilasta mata. Babbar illar waɗannan dabaru ita ce, suna toshe kunnen jama'a, har ranar da mai gaskiya zai yi kururuwa a ɗauka shi ma ɗaya ne daga cikinsu.

Saboda haka mai jefa ƙuri'a yana bukatar ma'auni. Ga tambayoyi huɗu da za su taimake shi:

1. Shin sukar ta shafi aikin ofis da kuɗin jama'a ne, ko kuwa ta shafi asalin mutum, da iyalinsa, da addininsa? Ta farko abar dubawa ce, ta biyu abar watsarwa.

2. Shin mai sukar ya ambaci adadi, da shekara, da takardar da za a iya dubawa? Kasafin kuɗin gunduma da rahoton masu binciken lissafi takardu ne na jama'a a Amurka. Zargin Moorlach irin wanda ake iya gwadawa ne da lissafin asusun.

3. Wace amsa wanda ake zargi ya bayar? Idan an tambaye shi yawan bashi, ya amsa da cewa mai tambayar ɗan adawa ne, to bai amsa ba.

4. Wa ya biya kuɗin tallan, kuma me zai samu? Jihohi da yawa sun wajabta a rubuta sunan mai biya a jikin talla. Amma a tuna, son ran mai magana dalili ne na a bincika maganarsa, ba dalilin a jefar da ita ba.

Kammalawa

Akwai kuma tambaya ta biyar wadda ba tallan adawa ake yi wa ba, sai labari mai daɗi. Idan hukuma ta ce tana ƙara ayyuka ba tare da ƙarin haraji ba, wajibi ne a tambaya daga ina kuɗin ke fitowa. Mutanen gundumar Orange masu ilmi ne, masu wadata, suna da jaridu da masu binciken lissafi, amma duk da haka suka auna gargaɗi da fuskar mai yin sa maimakon su auna shi da alƙaluma. Watanni shida suka samu tsakanin zaɓe da rushewar asusun, shekaru fiye da 20 suka yi suna biya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.