Uwar Garke Tana Cika Tun Kafin Ta Kai Ɗari Bisa Ɗari

'Yan'uwa injiniyoyi, ba zan ɓata muku lokaci da bayanin mece ce uwar garke ba, yawancinku da ita kuke cin abinci. Rigimata da abokan aikinmu na ma'aikatun Abuja tsohuwa ce, kuma a kan tambaya ɗaya take: yaushe za a ce uwar garke, wato na'urar da ke ɗauke da shafin gwamnati, ta cika?

Amsar da nake ji a ofisoshi ita ce a duba rahoton wata. Idan masarrafa tana aiki kashi 40 cikin 100, sai a ce akwai sauran wuri, a ƙara ɗora mata wani shafin. Wannan lissafi kuskure ne tun daga tushe. Wanda ya haɗa motocin da ke bin hanyar Nyanya zuwa Mararaba a rana ɗaya, ya raba su da sa'a 24, zai ce hanyar ta wadatar. Wanda ya bi ta da ƙarfe shida na yamma ya san ba haka ba ne.

Ga hujjar da nake so ku riƙe, kuma ba sabuwa ba ce. Tun 1909 Erlang, masanin lissafi a kamfanin tarho na Kwapanhagan, ya fara nazarin yadda layi ke taruwa idan buƙatu suna zuwa ba bisa tsari ba. A mafi sauƙin lissafin da ya tsiro daga aikinsa, jira ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar nauyi. Ku ɗauki aikin da ke cin daƙiƙa 1 idan na'ura ba kowa. Idan nauyinta ya kai kashi 50, sai ya ci daƙiƙa 2. A kashi 80, daƙiƙa 5. A kashi 90, daƙiƙa 10. A kashi 95, daƙiƙa 20. A kashi 99 kuwa, daƙiƙa 100. Ku duba da kyau: daga 50 zuwa 80 an ƙara kashi 30, jira ya ƙaru da daƙiƙa 3 kacal. Daga 90 zuwa 95 kashi 5 kawai aka ƙara, jira ya ninka. Jami'in da ya ga 90 a allo ya ce saura kashi 10 bai san yana bakin rami ba.

Kuma lissafin nan ya yi mana sassauci, don ya ɗauka mutane za su zauna su jira. Mutanenmu ba sa jira, kuma suna da gaskiya. Ɗalibin da ya biya kuɗin data, shafi ya tsaya masa, zai sake dannawa, ya sake. Mai shagon intanet zai buɗe shafin a kwamfuta biyar. Kowace dannawa sabon kaya ne a kan na'urar da tuni ta gaji. Shi ya sa shafi ba ya lalacewa a hankali, rugujewa yake yi gaba ɗaya, sai a fito a ce wa jama'a matsalar netwok ce.

Ƙarin abu ɗaya. Idan na'urori biyu ke raba aiki, kowace tana kashi 60, ɗaya ta mutu, ɗayar za ta ɗauki 120. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa, sanyaya ɗakin na'ura kuma ta dogara ga janareta, mutuwar ɗaya abu ne da dole a sa shi a lissafi.

Mun ga irin wannan cunkoso da idonmu. A 2020 fiye da mutum miliyan 5 suka nemi shiga N-Power ta shafi guda. A Disambar shekarar aka ba 'yan ƙasa mako biyu su haɗa layukan wayarsu da lambar NIN. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa IReV, shafin sakamako na INEC, a kan lokaci, washegari INEC ta ce matsalar ta shafi faɗaɗa tsarin daga zaɓen jiha zuwa na ƙasa baki ɗaya. Daga baya rahotonta ya ɗora laifin kan kuskure a tsarin manhaja. Ko wanne ne, abin da ya yi aiki a Ekiti da Osun a 2022 ba hujja ba ne cewa zai ɗauki rumfuna 176,846, kowace da sakamako uku.

Wasu za su ce a kai komai girgije, ya faɗaɗa da kansa. Girgije zai ƙara maka na'ura, ba zai gyara rumbun bayanan da ya shaƙe ba, kuma da dala ake biyansa. Wasu kuma su ce tsayar da na'ura a kashi 70, a bar kashi 30 a banza, almubazzaranci ne. Su lissafa kuɗin motar wanda ya taso daga Abaji ko Kwali sau uku don rajista ɗaya.

Abin da nake nema daga hukumar NITDA da kamfanin Galaxy Backbone shi ne wanda na daɗe ina nema. A daina kawo matsakaicin wata a rahoto, a kawo sa'ar da ta fi cunkoso. Duk na'urar da ta wuce kashi 70 a wannan sa'ar a rubuta ta cika, kada a ƙara mata ko shafi ɗaya. A auna jinkiri daga ƙaramar waya a Kuje, ba daga kwamfutar darakta a Maitama ba, kuma a dubi abin da mutum 5 mafi shan wahala cikin 100 suka gani. Sannan kada wata hukuma ta sanar da ranar rufe rajista sai ta gwada shafinta da ninki biyu na jama'ar da take tsammani, injiniyan da ya yi gwajin ya sa hannu, a ajiye takardar a fayil.